Shafin Godiya

Shekara uku na kwashe ina karatun yadda ake tsare sirrin mutane a takarda da cikin na'ura, kuma a tsawon lokacin nan babu wanda ya tsira daga wa'azina. A makarantar da nake koyar da kwamfuta a Birnin Kudu har tsokanata ake yi. Da na shigo ɗakin malamai sai wani ya kife wayarsa a kan tebur ya ce, "Kowa ya ɓoye lambarsa, hukuma ta iso." Ni kuwa ko a jikina. Haushi nake ji na gaske idan na ga dattijo ya miƙa wa mai cirar kuɗi katinsa na banki, sannan ya ɗaga murya ya karanto lambar sirrin kamar mai cigiya a kasuwa. Na sha tsayawa in yi magana, an kuma sha yi min kallon wadda ba ta da aikin yi.

Digiri na biyu nake yi a lokacin. Abin da na zaɓa in bincika shi ne yadda ƙananan asibitocin karkara ke adana bayanan marasa lafiya: wa ke iya buɗe rajista, wa ke riƙe da kalmar sirrin na'ura, ina takardu ke kwana. Malamin da ke duba aikina, wanda kowa ke kira Dakta, mutum ne mai jan biro da ƙarancin magana. Babi na ɗaya sai da ya dawo min sau shida. Ba a kan tunanin da ke ciki ba, a kan faɗin gefen takarda da inda waƙafi ya zauna. Na taɓa tambayarsa ra'ayinsa a kan hujjar da na kafa a shafi na tara, ya ce in fara gyara tazarar layi tukuna. Na fito daga ofishinsa, na shiga mota na dawo gida.

Kafin a bar ni in fita aiki sai da na cike wa wani kwamiti takardun alkawari. Na rubuta da hannuna cewa duk wanda ya yi magana da ni ba za a gane shi ba. Mutane za su zama lambobi, asibitoci su zama haruffa. Wannan ɓangaren kam na yi shi da zuciya ɗaya, don shi ne abin da na yi imani da shi.

Asibitoci biyu na farko sun kusa sa ni in ajiye karatun. Duk wanda na tambaya amsarsa ɗaya: lafiya lau, komai a tsare. In ka ba su takardar tambayoyi sai su taru a inuwa, mai ƙoƙarin cikinsu ya cike tasa, sauran su kwafa. Na tambayi wani ko na'urarsu tana da kalmar sirri, ya ce, "Sosai ma, Malama," ya juyo min bayanta don in gani da idona. Ga kalmar nan an rubuta da biro a kan filasta an manna. Bai ga abin mamaki a ciki ba. Ya ce saboda masu mantuwa ne.

Na uku ƙaramin asibiti ne na wata ƙungiya mai zaman kanta, a wani ƙauye gaba da Gwaram. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba. Yanzu na iya riƙe bakina. Daga Birnin Kudu sai in hau bas zuwa Gwaram, daga nan ɗan acaba ya ratsa da ni cikin gonakin gero da riɗi. Incajin wurin, wato shugaban asibitin, ya karɓe ni da fara'a, ya sa hannu a takardar izini, ya gindaya sharaɗi ɗaya: in na gama in kawo musu kwafin littafin. Haka aka saba, ban ga laifi ba, na amsa.

A nan na haɗu da Madam, matar da ke ɗakin kati. Kirista ce, daga wata jiha ta zo tun tana da ƙuruciya, ta shekara goma sha tara a bakin wannan tagar tana yankar kati. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna makaranta a wani gari, albashin nan shi ne ƙafarta da hannunta. Hausarta ta fi tawa gishiri. Ta san kowace mace a ƙauyen da yawan haihuwarta, amma ba za ka taɓa ji a bakinta ba. Ranar farko da na miƙa mata takardar tambayoyi ta duba ta sama da ƙasa, ta ce, "Malama, gaskiya kike so ko abin da za a rubuta?" Na ce gaskiya. Ta ninke takardar ta mayar min, ta ce to ba yau ba.

A kwana na uku aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, rafin da ke tsakanin ƙauyen da titi ya cika, 'yan acaba suka ce ko da kuɗi ba za su tsallaka ba. Ina tsaye a barandar asibiti ina tunanin inda zan sa kaina, Madam ta ɗauki jakata ba tare da ta tambaye ni ba, ta ce in biyo ta. Da rafin ya janye ma ba ta bar ni na koma jeka-ka-dawo ba. Ta ce wahalar hanya za ta cinye min aikin. Kwana tara na yi a gidanta. Ta bar min gadonta, ta share min kusurwa ta shimfiɗa sabuwar tabarma don salla, ta ware min buta. Da safe kunun gyaɗa, da rana abin da ya samu. In na ɗauko tsintsiya sai ta ƙwace.

Wata rana da la'asar muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ta ce in kunna abin ɗaukar maganar nawa. Na karanta mata takardar amincewa, ta saurara har ƙarshe, ta sa hannu. Sannan ta fara.

Ta ce akwai rajistar da ta fi kowace nauyi a asibitin, ta matan da ke zuwa allurar tazarar haihuwa. Wasu da sanin mazajensu, wasu kuwa jikinsu ne ya gaji, suka zo da sunan kawo yaro awo. Ƙarshen kowane wata incaji yakan ɗauki hoton shafukan da wayarsa, suna da unguwa da komai a fili, ya tura cikin guruf ɗin da ma'aikata ke musayar saƙo ta waya don haɗa rahoto. Wayar nan kuma a gidansa kowa na ɗauka. Ta ce an taɓa yin wata da ƙanin mijinta ya ga sunanta ta wannan hanyar, aka kai ruwa rana kafin auren ya zauna. Madam ta yi wa incaji magana sau biyu, ya ce ita aikinta kati ne. Tun daga nan ta daina rubuta cikakken sunan irin waɗannan matan. Lambar kati kawai take sawa, sauran ta riƙe a kanta. Matan sun sani, shi ya sa suke zuwa.

Ba zan ɓoye ba, har da murna na ji. Wata biyu ina yawo ana ce min lafiya lau, yau ga babi na huɗu, babin sakamakon bincikena, ya zauna a gabana yana ɓarar gyaɗa.

Da na kashe rikoda ta kama hannuna. Ta ce, "Malama, ki ji ni da kyau. In oga ya san ni na faɗi wannan, na bar ɗakin kati ke nan. Ni ba ni da kowa a nan. Ba dangi, ba wanda zai je ya yi magana a kaina."

Na ce, "Madam, ki kwantar da hankalinki. Wannan shi ne karatuna. Ko Dakta ba zai san sunanki ba. A littafin ke lamba ce kawai."

Ta ce, "Lamba nawa?"

Na ce bakwai. Ta yi dariya, ta ce ba laifi, ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Da na dawo gida na yi duk abin da littattafai suka ce a yi, har da ƙari. Na kulle muryarta da kalmar sirri mai tsawon da ni kaina sai na nutsu nake tunawa. Na kwafe maganar da hannuna, na goge muryar. Takardar da ta sa wa hannu na kai ta akwatin ƙarfe na sa kwaɗo. Na ƙi kai aikin shagon masu buga takardu, don na san halinsu na ajiye aikin ɗalibi su ba wani. Da yatsuna na buga kowane shafi. Ranar da za a fitar da shi a takarda na tsaya a kan mai shagon har ya goge fayil ɗin a gabana, ya kuma zubar da kwandon sharar kwamfutar. Ya ce tunda yake bai taɓa ganin mace mai zargi irina ba. Na ji daɗin maganar.

Shafin godiya shi na rubuta a ƙarshe, cikin minti goma. Shafi ne da ba a ba shi maki, Dakta ma ba ya kai jan bironsa can. Amma a wurinmu shi ne kaɗai shafin da ake karantawa. In aka kawo littafin digiri gida, ba mai tambayar abin da ka gano. Kowa sunansa yake nema. Na gode wa Allah, na gode wa iyaye, da Dakta, da maigidana, da shugabannin asibitoci uku da suka ba ni izini. Madam ban sa ta ba, kuma da gangan ne.

Na je gaida Innata da takardun a jaka, kafin a ɗinke su. Ba ta karatun boko, amma ta ce in fassara mata shafin nan ta ji waɗanda suka samu shiga. Na karanta, tana gyaɗa kai. Da na kai ƙarshe ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

"Ina matar da ta riƙe ki?"

Na fara yi mata bayanin ƙa'idar bincike. Ba ta bari na kai tsakiya ba.

Ta ce, "Mace ta tashi daga gadonta ta ba ki, kwana tara kina cin tuwonta, ba addininku ɗaya ba, ba garinku ɗaya ba. Kin sa sunan mutumin da biro kawai ya ɗaga miki, ita kin tsallake ta. In ta buɗe ta ga babu ita fa? Ni ban haifi butulu ba. Wannan bokon naku in rashin kunya yake koyarwa, to ki bar shi a bakin ƙofa."

Zan iya cewa Inna ce ta sa ni, na kuma faɗi hakan a zuciyata na tsawon watanni. Ba gaskiya ba ne. Inna ba ta san abin da ke babi na huɗu ba, ni na sani. Abin da ya faru shi ne maganarta ta taɓa inda dama yake min ciwo. Ni ma ina jin kunyar a ce Madam ta buɗe littafin ta ga an gode wa ogan da ta ji tsoro, ita babu. Sai na yi wa kaina wayo. Na ce godiya daban, bincike daban. Shafi na biyar ina ruwansa da shafi na saba'in? Na zauna na ƙara layi uku. Na rubuta sunanta cikakke, na ce ma'aikaciyar ɗakin kati, wadda ta sauke ni a gidanta, ta kuma yi min magana da zuciya ɗaya lokacin da wasu suka rufe baki. Har daɗin jimlar na ji.

Na kare littafin a gaban malamai lafiya. Baƙon malamin da aka gayyato ya yaba da yadda na ɓoye masu amsa, ya ce ɗalibai su yi koyi. Na dawo gida aka yi ta barka.

Bayan an ɗinke shi da baƙin bango da rubutun ruwan gwal, na ɗauki kwafi ɗaya na nufi ƙauyen don cika sharaɗi. Ranar kasuwar Gwaram ce, motar cike da buhuna, ni kuwa na rungume littafin kada ya yi datti. Incaji ya karɓa da hannu biyu, ya ce in zauna. Ya buɗe, kuma kamar kowa, kai tsaye shafin godiya ya nufa. Ya sa yatsa yana bin layi. Ya ga sunansa, ya yi murmushi, ya ce Allah ya yi albarka. Yatsan ya ci gaba da gangarowa, sai ya tsaya.

A nan, ina zaune a kan bencinsa, abin ya faɗo min gaba ɗaya. A babi na huɗu na rubuta cewa mai amsa ta bakwai mace ce, tana aikin rajista, ta haura shekara goma sha biyar a bakin aiki. A duk littafin mace ɗaya ce mai aikin kati da aka ambata da suna, kuma ni da kaina na shaida cewa ta yi magana lokacin da wasu suka rufe baki. Ko ɗalibaina na aji ɗaya za su haɗa wannan lissafin.

Ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Ashe Madam ta taimaka miki sosai."

Na ce, "Masauki ta ba ni, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Haka na gani." Ya lashi yatsa ya koma shafin da ke nuna babi-babi.

Na so in miƙa hannu in fizge littafin. Na so in ce akwai kuskure a ciki, zan kawo wani. Ban yi ko ɗaya ba. Na zauna ina murmushin dole har ya sallame ni. Na leƙa tagar ɗakin kati, layi ya yi tsawo, Madam ta ɗago min hannu da fara'a ta ce in jira ta tashi. Na ce ina sauri, mota za ta wuce ni. Ko gargaɗin da zai ba ta damar shirya amsa ban tsaya na yi mata ba, kuma wannan ya fi layi ukun nan ci min rai har yau.

Sati uku bayan haka na kira ta. Ta ɗauka, muka gaisa, ta tambayi Inna da yara. Sannan ta ce tana gida. An ce ta huta, za a neme ta. Ba a ba ta takarda ba, ba a faɗi laifinta ba. Ɗakin kati an ba wani surukin incaji, ɗan ƙauyen, wanda ke zama a majalisar ƙofar masallaci da mazan unguwa.

Na koma wajen Dakta a rikice. Ya saurare ni yana jujjuya biro, ya ce abin ba daɗi, amma shafin godiya ba ya cikin abin da ake dubawa, kuma sakamako ya riga ya fita. Na ce ba sakamako nake magana ba, mutum nake magana. Ya ce in rubuto a takarda. Na je ɗakin karatu na roƙi a bar ni in cire shafin daga kwafin da ke can, aka ce sai da izinin sashe. Sashe suka ce sai kwamiti ya zauna. Kwamitin da ya sa ni cike takardun alkawari har kashi uku, aka ce ba shi da fom na wanda ya karya alkawarin. Na yi ta hawa da sauka a matakala ina jin kamar in kurma ihu, alhali na san kwafin da ya yi ɓarnar yana can cikin durowar incaji.

Na rubuta wa shugabannin ƙungiyar wasiƙa, na ce laifina ne. Ba su amsa ba. Daga baya na gane wasiƙar ma ta ƙara tabbatar musu da abin da dā zato ne kawai.

Sai bayan kaka na iya tattara ƙarfin zuwa gidanta. Na tarar da ita a zaure ta kafa ɗan tebur tana sayar da gishiri da magi da sabulu. Ta rame. Ta tashi ta karɓe ni, ta kawo ruwa, ta shimfiɗa min tabarma. Na fara ba ta haƙuri, maganar da na yi ta shiryawa tun daga Birnin Kudu ta watse, na kama kuka kamar ni aka kora. Ta bar ni na gama.

Ta ce, "Na ga shafin. Oga ya nuna min. Na san ba da mugunta kika yi ba." Ta dube ni. "Amma na gaya miki, Malama. Da bakina na gaya miki."

Muna zaune haka sai wata mata ta yi sallama, da goyo a bayanta da wani yaron a hannu. Ba za ta wuce shekara talatin ba, amma tafiyarta ta gajiyayyu ce. Ta sayi gishiri, ta tsaya tana jujjuya ƙullin a hannu, tana satar kallona. Madam ta ce mata, "Yi maganarki, baƙuwa ce, tafiya za ta yi."

Matar ta sunkuyo ta rage murya. Ta ce, "Madam, lokacin abin nan nawa ya yi ko da saura?"

Madam ba ta duba komai ba. Ta ce, "Ya yi tun ranar Talata. Ki je asibiti yau, kada ki ƙara kwana."

"Ke ba kya nan?"

"Ba na nan."

"Wa ke yankar kati?"

Madam ta faɗa mata. Matar ta gyara goyonta, ta ƙara ɗaure zani, ta ce a gaida gida. Daga inda nake zaune ina hango hanya ta ƙofar zaure. Asibiti yana hannun dama. Ta ja hannun yaronta ta yi hagu.

Madam ta bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ta mayar da murfin robar gishiri ta rufe.

Ta ce, "Ta huɗu ke nan a satin nan."